Nasiha ga Masu Koyon Kanikanci a Ƙofar Doka Game da Awon Matsin Iska

Ya ku 'ya'yana masu koyon gyaran mota a garejojin da ke bakin Ƙofar Doka da waɗanda ke kan hanyar Tudun Wada a nan Zariya, mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce awon matsin iskar da ake cusa wa injin mota, domin na lura cewa motocin da ke buƙatar wannan awo suna ta yawaita a garin nan, alhali kuwa da yawa daga cikinku, duk da kaifin basirarku da zafin namanku, har yanzu da kunne da zato kuke yanke musu hukunci, ku sa mai mota ya sayi abin da bai lalace ba, ya bar abin da ya lalace.

Ban faɗi haka don in rage darajar kunne ba. Magabatanku a wannan sana'a, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a kan Peugeot 504 tun lokacin da aka fara harhaɗa ta a Kaduna cikin 1975, sun kasance idan mota ta shigo gareji, kafin direba ya kashe ta sun riga sun san ko fulogi ne, ko kafireto, ko bawul ya saki. Wannan ilimi ne na haƙiƙa, kuma wanda ya sami dattijo irin wannan ya riƙe shi da kyau. Sai dai injin wancan zamani da kansa yake shaƙar iskarsa, gwargwadon abin da sararin Allah ya ba shi. Yanzu kuwa ga Mercedes nan 'yan Kwatano, waɗanda aka rubuta wa Kompressor a bayan but, ga kuma masu turbo iri-iri, dukkansu ɗura musu iska ake yi da ƙarfi. Ku dubi C180 da C200 da C230 na ƙirar da aka fara sa wa ƙaramin injin nan a 2002: faɗin cikin injinsu ɗaya ne, wato sisi 1,796, amma na farko ƙarfin doki 143 gare shi, na biyu 163, na uku 192, kuma galibin wannan rata daga yawan iskar da ake cusawa ta samo asali, da kuma yadda aka saita kwamfutar da ke ba da mai. Abin da ya isa ya raba inji ɗaya gida uku haka, lalle ya cancanci a san adadinsa, kunne kuwa ba ya ƙidaya.

Asalin al'amarin shi ne wuta ba ta ci sai da iska. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, saboda haka duk wanda ke son ƙarin ƙarfi daga inji ba tare da ya ƙara masa girma ba, dole ne ya nemi hanyar shigar da iska mai yawa cikin silinda, sa'an nan ya bi ta da mai daidai da ita. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yaro na buga zugazugi, gawayi yana tashi daga ja zuwa fari-fari, ya riga ya fahimci aikin kwamfuresan inji, wanda bai kamata ku rikita shi da na na'urar sanyaya mota ba. Hasali ma a wutar ƙarfe aka yi ta amfani da shi tun farko: wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistar ƙirarsa a 1860, aka riƙa hura manyan tandunan narkar da ƙarfe da shi, sai a 1921 kamfanin da ke yin Mercedes ya nuna shi a jikin motar hawa a bajekolin Balin. Fambel ke juya shi kai tsaye daga karanshaf, don haka da an taka totur yake amsawa. Turbo kuwa, wanda Alfred Büchi mutumin Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, hayaƙin salansa ke juya shi, shi ya sa yakan ɗan yi jinkiri kafin ya kawo.

To, a nan ne nake roƙon ku ku natsu, domin wanda bai gane abin da zan faɗa yanzu ba, ko an ba shi na'urar da ta fi kowace tsada zai karanta lamba ne bai san ma'anarta ba. Iskar da muke zaune a cikinta tana da nauyi, kuma tana danne kowane abu dare da rana, sabo ne kawai ya hana mu ji. Malaman Musulunci sun tsinkayi wannan tun da daɗewa, domin Abdurrahman al-Khazini, wanda ya wallafa littafin Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen shekara ta 515 bayan Hijira, wato 1121, ya yi bayanin cewa iska tana rage nauyin abin da aka auna a cikinta kamar yadda ruwa ke ragewa. Daga baya Torricelli na Italiya ya auna nauyin nata da bututun zaiba a 1643, sa'an nan a 1648 Pascal na Faransa ya sa surukinsa ya hau wani dutse da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana sauka gwargwadon yadda ake hawa, aka tabbatar cewa matsin iska raguwa yake yi a kan tudu. A bakin teku, kamar Legas, matsin ya kai bar 1.01, ko psi 14.7. Zariya kuwa tana bisa tudu mai kimanin mita 650, saboda haka iskar da ke Ƙofar Doka ba ta wuce bar 0.94, Jos, wadda ke wajen mita 1,200, tata ta sauka zuwa 0.88. Jiragen horo da kuke gani suna kewaya garin nan daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964, wasunsu suna ɗauke da gejin matsin manifol, kuma ɗalibin da ya duba shi kafin ya tayar da inji zai ga inci 27 da 'yan kai na zaiba, maimakon kusan 30 da zai gani a Legas, ba zai kuwa ce gejin ya lalace ba, domin an karantar da shi dalili.

Ku ma ku san dalilin. Awo iri biyu ne. Geji mai allura daga matsin wurin da kuke tsaye yake fara ƙidaya, sifirinsa shi ne iskar gari, abin da ya nuna sama da sifiri shi ne ƙarin da kwamfuresa ya kawo. Na'urar da kuke soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari kuwa, wadda ke karanto abin da sansan manifol ke gaya wa kwamfuta, galibi daga babu iska sam take farawa, ta haɗa nauyin iskar gari da ƙarin gaba ɗaya. Saboda haka idan ka buɗe makulli ba ka tayar da inji ba, ka ga kPa 93 ko 94, sansan lafiyarsa lau, gaskiyar Zariya ya faɗa maka. Wanda ya nace sai ya ga 101 don haka aka rubuta a littafin da aka buga a Jamus, zai jefar da sansa mai kyau ya sa talaka ya sayi wani. Haka nan idan a kan hanya na'urar ta nuna 150, kada ka ce ƙarin ya kai bar ɗaya da rabi. Ɗebe 94, saura 56, wato bar 0.56 ke nan. Kuma tun da kwamfuresa ninka abin da ya samu yake yi, wanda ke ninkawa sau 1.6 zai nuna ƙarin 0.61 a Legas, 0.56 a nan, 0.53 a Jos, alhali mota ɗaya ce, ba abin da ya taɓa ta face tudu.

Shi kuma gejin, kafin ka karɓi shaidarsa sai ka tabbatar da adalcinsa. A cikinsa akwai wani lanƙwasasshen bututun tagulla mai toshe a ƙarshe, ƙirar Eugène Bourdon na Faransa tun 1849, wanda idan iska ta shige shi da ƙarfi yakan nemi miƙewa ya ja allura. Faɗuwa ƙasa sau ɗaya ta isa ta karkatar da shi har abada. Dubi allurar tun ba a haɗa shi da kome ba: in ba ta kwanta daidai kan sifiri ba, ajiye shi. In ka sami na maƙwabcinka, ku haɗa su a tiyo ɗaya ku ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Kada ka ari gejin mai faci, domin an yi shi ne don taya mai psi 30 da ɗoriya, ba ya rarrabe 7 da 9, ba ya kuma nuna zuƙa. Wanda ake bukata shi ne mai fuska biyu, hagu zuƙa, dama matsi, kuma ka haddace cewa bar ɗaya daidai yake da kPa 100, daidai da psi 14.5.

Wurin haɗawa ma sharaɗi ne. Abin da kake son sani shi ne abin da silinda ke samu, don haka a manifol za ka ɗauka, bayan iska ta wuce kwamfuresa ta wuce bakin totur duka biyu, domin a wasu injuna totur ne a gaba, a wasu kuma kwamfuresa, kuma wanda ya ɗauka a tsakaninsu rabin labari zai ji. Nemi ƙaramin tiyon zuƙa da ya fito daga manifol kai tsaye, ka sa masa mahaɗa mai baki uku, ka ɗaure kowane baki da kilif, domin matsi yakan tunkuɗe tiyon da zuƙa ke riƙewa. Ka nisanci babban tiyon birki, saboda yana da bawul mai hanya ɗaya wanda zai ɓoye maka matsin, kuma birkin mutum ba wurin gwaji ba ne. Sa'an nan ka bi da tiyon zuwa cikin mota ta inda bonet ba zai matse shi ba, nesa da fambel, nesa da zafin salansa.

Tayar da inji, bar shi ya ɗumama, ka fara karanta silo, wato juyin da yake yi a tsaye ba a taka totur ba. Lafiyayyen inji a silo zuƙa yake nunawa, inci 17 zuwa 21 a bakin teku, a nan Zariya kuwa sai ka rage kimanin 2, allura kuma tsaye cik. In tana rawa da sauri, ka tuhumi bawul ko fulogi. In ta tsaya amma ƙasa da ƙima, iska na satar hanya ta wani wuri, kuma gyara wannan ya gabaci maganar matsi. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya tsaya a gareji, mota a firi, ya yi ta zuba wuta har unguwa ta ɗauka, allura ta ɗan leƙa sifiri ta koma, ya juyo ya ce wa mai mota kwamfuresa ya mutu. Bai mutu ba. Akwai wata ƙofar kewaye da ke buɗewa matuƙar inji ba ya jan kaya, ta mai da iskar baya don a tsimi mai, ba ta rufewa sai mota na tafiya an nemi ƙarfi. Saboda haka awon gaskiya a kan hanya yake, mutum biyu, ɗaya idonsa a kan titi, ɗaya a kan geji da takarda a hannu. A riƙe giya ta uku, a tashi daga juyi 2,000 a minti, a taka totur har ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi, a rubuta inda allura ta kai, da ko ta tsaya a can ko ta zame. Ina kuma gama ku da Allah kada ku yi wannan a Ƙofar Doka, inda 'yan makarantar Alhudahuda ke tsallaka titi, ga 'yan acaba ga keke ga masu talla. Ku fita bayan gari ta hanyar Kaduna ko ta Jos, inda ido ke ganin nesa, domin ran mutum ɗaya ya fi dukkan motocin da za ku gyara a tsawon rayuwarku.

In awo ya fito ƙasa da abin da littafin motar ya ƙayyade, bayan ka yi lissafin tudu, to fara da mai araha. Buɗe iyakilina, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke cika ta da ƙura har ta yi nauyi a hannu. Dubi fambel: in cikinsa ya yi sulɓi yana ƙyalli, ga baƙin gari kamar kwalli ya taru a gefen fuli, santsi yake yi, alamarsa kuwa a geji ita ce allura ta hau da kyau sa'an nan ta zame yayin da juyi ya yi sama. Na taɓa tsayawa a wani gareji inda aka riga aka gaya wa mai wata C200 kuɗin kwamfuresa ɗan Kwatano, har ya fara buga waya neman rance, sai wani dattijon bakanike ya ce a dakata. Ya toshe bakin bututun, ya sa aka ba shi iska kaɗan, kimanin rabin bar, ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da tsumma, sai ga kumfa na tasowa a ƙarƙashin babban tiyon da ke shiga intakula, wato mai sanyaya iskar da aka matse, inda wata tsaga da ba ta fi tsawon farce ba take rufe bakinta a silo, ta buɗe idan matsi ya zo. Tiyo aka canja, motar ta koma yadda take. Bayan waɗannan sai ƙofar kewayen, ko tana rufewa sarai. Kwamfuresa shi ne na ƙarshen tuhuma, ba a ambatonsa sai dukkan sauran sun kuɓuta.

Akwai kuma wani ruɗi da ya fi wannan haɗari, shi ne ɗaukar cewa yawan matsi shi ne yawan ƙarfi. Geji ba ya ganin yawan iskar da ta shiga ta fita. Turjiyar da iskar ta gamu da ita kaɗai yake gani. Idan abin tace hayaƙin nan da kuke kira indomi ya narke ya toshe salansa, hayaƙi ya rasa mafita, silinda ba ta amayar da tsohuwar iska balle ta karɓi sabuwa, kwamfuresa kuwa yana ta turowa, sai ka ga allura ta haura fiye da kullum alhali mota ta kasa hawa gadar sama. Zafi ma haka: iska idan aka matse ta takan yi zafi, mai zafi kuwa sakayau ce, kuma tsakanin asubar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, iskar da ke cika mudu ɗaya ta ragu da kimanin kashi 8 cikin ɗari tun ba a matse ta ba. Shi ya sa intakula da laka da ƙwari suka toshe wa fuska yake cin ƙarfin mota ba tare da geji ya nuna kome ba. Idan zafin ya haɗu da fetur mai rauni, musamman na jarka da ake saye wurin 'yan bumburutu, alhali littafin waɗannan motoci oktan 95 yake nema, sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, ka ji ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa. Kwamfuta ta ji ta, ta jinkirta wutar fulogi don ta ceci fistin, ƙarfi ya faɗi, matsi kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka in geji ya ce matsi ya cika mota kuma ba ta ja, ya gama ba da tasa shaidar, sai ka tafi wajen mai, da wuta, da zafi, da salansa.

Wannan ya kawo ni ga maganar fuli. Za ku gamu da samari 'yan'uwanku masu son tsere, su ce ku sa wa kwamfuresa ƙaramin fuli don ya ƙara gudu, kuma gaskiya ne matsi zai ƙaru, allura za ta haura, mota za ta yi zafin tashi na ɗan lokaci. Amma zafin iskar ma ƙaruwa zai yi, kuma muddin ba a ƙara mai daidai da iskar ba, ba a kuma sake saitin kwamfuta ba, ƙarshen al'amarin gasket ya ƙone, ko gefen fistin ya narke, inji ya buga. A ra'ayina, da irin fetur ɗinmu da irin bazararmu, ku ba su haƙuri ku ƙi. Waɗanda suka yi karatun zaure a cikinku, suka kai babin ciniki da ijara a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, sun ji cewa a mazhabar Imamu Malik mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa ya keɓanta da su, sai fa in hujja ta tsayu cewa ɓarnar ba daga gare shi take ba, kuma malamai sun ce don maslahar jama'a aka hukunta haka, tun da mai kaya ba ya nan, bai kuma san sirrin aikin ba. Mai mota da ya miƙa maka makulli ya tafi kasuwa yana cikin wannan hali sosai. Bai san bar ba, bai san psi ba, abin da ka gaya masa shi zai biya, da kuɗin da wataƙila na makarantar 'ya'yansa ne. Tafsilin hukuncin ku tambayi malamanku na cikin birni, amma lambar da ka auna ka rubuta ita ce hujjarka a gabansa in rigima ta taso.

Don haka kowannenku ya tanadi ɗan littafi, ya riƙa rubuta ƙirar mota, da ranar awo, da safe ne ko da rana, da abin da silo ya nuna, da matsin da aka samu a juyi 2,000 da 3,000 da 4,000, har ma motocin da lafiyarsu ƙalau, domin su ne ma'aunin da za ka gwada marasa lafiya da shi, kuma adadin da aka samu a iskar Zariya ya fi amfanar bakaniken Zariya bisa wanda aka samu a bakin teku. In an gama, a cire mahaɗar, a mai da tiyon mazauninsa, a ɗaure shi, a sake sauraren silo kafin a rufe bonet; bakin da aka manta a buɗe yakan sa inji ya riƙa karkarwa a tsaye, ya zubar da matsi a kan hanya, ya kuma shigar da ƙura cikin silinda ba tare da ta bi ta iyakilina ba.